Lambun Miya A Gefen Garka

Mai gida, wannan takarda dominka aka rubuta ta, kai da uwargidanka. In ba ka iya karatu ba, ka ba yaronka ko wani maƙwabci ya karanta maka. A karanta ta kuwa inda matan gida za su ji, domin rabin aikin da ke cikinta nasu ne.

Kusan kowane gida a ƙauye yana da garka, ko wani ɗan fili a jikin danga. Da damina a kan shuka masara a ciki, da 'yar kuɓewa da kabewa. Da an yi kaka sai a bar wurin, awaki su cinye kara, kaji su yi ta tono, har ruwa ya sake sauka. Wata bakwai ko takwas ke nan ƙasar tana kwance, ba ta ba gidan kome ba. A cikin waɗannan watanni miyar gida ba ta wuce kuka da busasshiyar kuɓewa. Kuka abinci ce mai kyau, ba mu raina ta ba, amma ita kaɗai ba ta isa ba. Abin da mu ke roƙonka shi ne ka yanki ɗan gefen garkar nan ka mai da shi lambu, domin a sami ɗanyen ganye a tukunyarka rani da damina.

Me Ganye Ke Yi Wa Jiki?

Tuwo yana cika ciki, yana ba da ƙarfin aiki. Amma akwai abubuwan da jiki ke bukata waɗanda babu su a cikin gero da dawa, ko kuwa kaɗan ne ƙwarai. Ɗaya daga cikinsu likitoci suna kiransa bitamin A. Shi ke tsaron ido, shi ke kuma taimakon jikin yaro ya yi faɗa da cuta. Yaron da ya rasa shi, da magariba ta yi sai ka ga yana tuntuɓe, yana laluben ƙwaryar tuwo a gabansa. Dundumi ke nan. In abin ya yi nisa sai farin idon ya bushe, baƙin ya yi gyambo, idon ya mutu, ba kuwa likitan da zai iya mai da shi. Ƙyanda tana ƙara wannan hatsari, domin tana cinye ɗan abin da jiki ya ajiye. Kun kuwa sani da rani da bazara ƙyanda ta fi yawa, daidai lokacin da ɗanyen ganye ya ɓace a gari.

Akwai bitamin A a cikin hanta da ƙwai da man shanu da manja, amma waɗannan ba kullum talaka ke samunsu ba. Inda ya fi araha shi ne ganye mai duhun kore, kamar alayyafo da zogale da lalo da rama da ganyen wake, da kuma abubuwa masu jan ciki, kamar karas da kabewa da gwanda da mangwaro. Ganyen nan kuma suna da abin da ke taimakon jiki wajen yin jini. Mace mai ciki wadda tafin hannunta ya yi fari, tana jiri, tana haki in ta ɗan yi daka, jini ne ya yi mata kaɗan, haihuwa kuwa da ƙarancin jini abin tsoro ce.

Kada fa a ce tun da an yi lambu an huta da asibiti. Yara daga wata 6 zuwa shekara 5 ana ɗiga musu bitamin A a baki sau biyu a shekara, a kai su a yi musu, a kuma yi musu allurar ƙyanda. Mai ciki ta je awo, ta sha ƙwayoyin ƙarin jini da za a ba ta. Yaron da ya riga ya fara dundumi asibiti za a kai shi yau, ba a jira alayyafo ya girma ba.

Zaɓen Wuri

Kafin ka ɗauki fartanya, zauna ka dubi garkar yini guda. Ina rana ta fi daɗewa? Kayan lambu suna son rana kamar awa 6 ko fiye. Ƙarƙashin mangwaro ko dogon yaro yana da daɗin zama, amma ba wurin lambu ba ne. Inuwa za ta sa shuka ta yi tsawo ba ƙwari, saiwar itacen kuma ta riƙa shanye ruwan da ka sha wahalar ɗebowa.

Sa'an nan dubi inda ƙazantar gida ke bi. Kada lambu ya zama a gangaren masai, ko inda rariyar wurin wanka ke zubowa, ko lungun da yara suka saba tsugunawa. In za ka gina rijiya domin lambun, ta yi nisa da masai aƙalla mita 30, watau kamar taku 40 na babban mutum, ta kuma kasance a tudu, masai yana gangare. A ɗaga bakinta, a yi mata murfi saboda yara.

Tsohon juji ƙasarsa baƙa ce, mai ƙarfi, mutane suna sonta. To, a duba abin da aka zubar a wurin. Inda aka farfasa batir, ko aka zubar da baƙin man inji, ko aka niƙa duwatsun zinariya, a guje shi. A shekarar 2010 aka gane gubar dalma a waɗansu ƙauyuka na Jihar Zamfara, a ƙasar Anka da Bukkuyum, inda a ke niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Yara wajen 400 suka rasu. Ƙurar dalma ba ta ruɓewa, tana nan cikin ƙasa shekara da shekaru, ba a ganinta, ba a jin warinta. Yaron da ke wasa a wurin da ganyen da ƙurar ta hau duk hanya ce ta shigarta ciki.

Abu na ƙarshe wajen zaɓen wuri, ya zama kusa da ido. Lambun da uwargida ke hange daga madafa shi ke rayuwa. Matar da ba ta fita ma tana iya kula da shi, ta tsinko abin miya ba ta aiki kowa kasuwa ba.

Kada Ka Yanki Da Yawa

Yawancin lambunan da suka mutu, girma ne ya kashe su. Mutum ya share fili babba da murna, ya yi ban ruwa mako biyu, ya gaji, rana ta gama da shi. Ruwa shi ne ma'auni. Fangali mai faɗin kamu 2 da tsawon kamu 6, watau kamar mita 1 da mita 3, da rani yana shan jarka guda mai lita 20 kowace rana, da bazara ma ya fi haka. To, ƙidaya jarka nawa gidanka ke iya ɗebowa kullum bayan na sha da na girki da na dabbobi. In uku ne, fangali uku za ka yi. Fangali uku ko huɗu da a ke kula da su sun isa su sa ganye a miyar gida kusan kowace rana. In ka ga ka iya, baɗi ka ƙara.

Shinge kuwa shi ne farko, tun ba a shuka ko ƙwaya ɗaya ba. Akuya guda tana cinye aikin wata biyu kafin ka idar da sallar azahar. Yi darni da karan dawa ko ka kafa zana, ka toshe gindin da ƙaya saboda kaji, ka sa ƙyaure mai rufuwa. In ka dasa dashi a jikin shingen zai kama ya zama dirka mai rai. Masu yin shinge da bini-da-zugu su sani 'ya'yansa guba ne, yara kuwa su kan tauna su.

Gyaran Ƙasa

Lokacin da ya fi kyau shi ne ƙarshen damina, wajen watan Oktoba, da an karye masara, ƙasa tana da sauran laima. In ka bari sai tsakiyar rani, ƙasa ta yi tauri, sai da diga. In dole sai lokacin, jiƙa wurin da yamma ka tona da safe.

Share ciyawa tukuna. Kada ka ƙone kara da ganye, tara su gefe, suna da amfani nan gaba. Ciyawa uku za su ba ka wahala, watau ƙiri-ƙiri da tofa da aya-aya. Waɗannan ba a sare su a bar saiwar, domin kowane guntu da ya saura a ƙasa zai tsiro, ga taki ga ruwa ka ba shi. Tono su da saiwarsu, ka tsince da hannu, ka shanya a rana su bushe. Aiki ne mai cin rai, amma yini biyu yanzu ya fi noman kowace rana nan gaba.

Kafta ƙasar zurfin ƙafa guda, ka farfasa hoge, ka tsince duwatsu da kwalba da leda. Ƙasar sama ita ce mai rai, kada ka binne ta ka fito da jar ta ƙarƙashi. Sa'an nan ka ja fangalinka, waɗansu suna ce masa komi. Faɗin kada ya wuce kamu 2, domin hannu ya kai tsakiya daga kowane gefe. Tsakanin fangali da fangali bar 'yar hanya. A kan hanyar a ke tafiya. Ƙasar da a ke takawa tana danƙarewa, ruwa ba ya shiga, saiwa ba ta sakewa.

Da rani fangali ya kan zama mai ɗan zurfi, da gaɓa kewaye, domin ya riƙe ruwa. Da damina sai a juya, a tayar da kunya ko a ɗaga fangalin ya fi hanya tudu, domin ruwan sama ya wuce, kada saiwa ta ruɓe.

Maganar Taki

A nan ne lafiya da cuta ke rabuwa, saboda haka a saurara da kyau.

Takin shanu da na awaki da na tumaki da na kaji duk suna da kyau, in sun ruɓe. Ɗanyen taki yana ƙone ƙananan shuka, na kaji ya fi zafi. Yana ɗauke da irin ciyawa, yana kiran ƙuda, yana kuma ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke sa gudawa. Ga yadda a ke ruɓar da shi. Haƙa rami mai zurfi zuwa gwiwa a inuwa. Zuba busasshiyar ciyawa da karan da aka sassara, bisa wannan ka zuba taki, ka barbaɗa ɗan toka da 'yar ƙasa, ka yayyafa ruwa. Ka yi ta jerawa haka har ramin ya cika, ka rufe da ciyawa. Sharar tsakar gida da ɓawon kayan miya duk su shiga, ban da leda da batir da kwalba. Bayan 'yan kwanaki in ka soka sanda ka zaro za ka ji ta da zafi. Zafin nan shi ke kashe irin ciyawa da yawancin ƙwayoyin cuta. Juya shi bayan mako uku ko huɗu, ka sake yayyafa ruwa. Cikin wata biyu zuwa uku zai zama baƙi, mai laushi, da ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwan fari. Kwanon sarki biyu ya isa fangali guda. Cuɗa shi da ƙasar sama, ka ba shi ruwa, ka bar shi mako guda kafin shuka. In a turke ko a garke akwai tsohon taki da ya shekara, da shi za ka fara bana, ramin ya zama na gaba.

Kashin mutum kuwa kada ya kusanci lambun miya. Mun sani a waɗansu wurare a kan kwashe masai a kai gona. Hatsi yana can sama, ana kuma dafa shi, amma alayyafo da latas a jikin ƙasa su ke. Macijin ciki yana zuba ƙwai dubbai a cikin kashin mai ɗauke da shi. Ƙwan ba ya ganuwa, yana kuwa iya zama a ƙasa mai laima wata da watanni, har shekaru, bai mutu ba. Ya manne a ganye ko a farcen yaro, ya shiga ciki, ya ƙyanƙyashe. Akwai kuma wata 'yar tsutsa mai shan jini. Ita ta fatar ƙafa ta ke shiga in an taka ƙasar da aka yi kashi, ta je ta maƙale a hanji tana tsotso. Ka ga ke nan lambun da aka yi domin ƙarin jini ya koma mai rage shi. Saboda haka yara su yi kashi a fo a zuba a masai. Mai aikin lambu ya sa takalmi, ya wanke hannu da sabulu in ya gama. Wanda fartanya ko ƙaya ta ji wa rauni ya wanke wurin sosai da sabulu, in mai zurfi ne ya je asibiti, domin ƙwayar ciwon nan mai sarƙe haƙora a cikin ƙasa da taki ta ke zama, akwai kuwa allurar rigakafinsa.

Me Za A Shuka?

Fara da alayyafo, domin ba shi da wuya, ba ya kuma daɗewa. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai a gauraya da yashi a barbaɗa, a ɗan rufe da ƙasa sama-sama. Cikin kwana huɗu ko biyar ya tsiro. A mako na uku a cire na tsakani a yi miya da su, sauran su sami sarari. In sun girma a riƙa yanka a bar gindi, zai sake toho. Kada a shuke fangalin duka rana ɗaya. A shuka rabi yau, rabi bayan mako biyu, domin kada ya zo gaba ɗaya ya ƙare gaba ɗaya.

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin ɗari, shi ne lokacin tumatir da albasa da karas da latas da kabeji. Tumatir da tattasai da albasa a ɗan wuri a ke fara yafa su, a yi musu rumfar ciyawa. Tumatir in ya yi mako huɗu ko biyar sai a dasa, albasa ta kan kai mako shida ko bakwai. Da yamma a ke dashe, a ba da ruwa nan take. Karas ba a dasa shi, inda zai zauna a ke shuka shi, ƙasar kuwa ta zama mai laushi ba duwatsu. In zafin bazara ya shigo tumatir ya kan zubar da fure, to, lokacin kuɓewa ne da alayyafo, da damina kuma a ƙara da lalo da rama da yakuwa da kabewa. In wuri ya yi maka kaɗan, kabeji shi za ka bari. Yana da kyan gani, yana da kuɗi a kasuwa, amma cikinsa fari ne, bitamin A ɗinsa bai taka kara ya karya ba, ga shi tsutsa na sonsa.

A jikin shinge daga ciki dasa zogale uku ko huɗu, ko da iri ko da reshe. In ya kai ƙirjin mutum a sare kansa domin ya yi rassa ƙasa-ƙasa inda hannu ke kaiwa. Gwanda guda biyu ko uku a kusurwa su ma ba su cin wuri. Tambayi malamin gona ko akwai igiyar dankali mai jan ciki, domin ya fi farin dankali amfani ga idon yara nesa ba kusa ba, ganyensa kuma ana miya da shi.

Kada ka maimaita abu ɗaya a fangali ɗaya shekara biyu a jere. In ka tuge tumatir ko kuɓewa ko gauta ka ga saiwar ta yi ƙulu-ƙulu kamar kumburi, wata tsutsa ce da ido ba ya gani. Ƙone saiwar, baɗi ka sa albasa ko masara a wurin.

Ban Ruwa Da Sauro

A ba da ruwa da sassafe ko da la'asar sakaliya. Huda gindin gwangwani da ƙusa ya zama abin yayyafi, domin in an kwara ruwa da bokiti yana tone iri. In shuka ta tasa, shimfiɗa busasshiyar ciyawar nan da ka tara a gindinta, ƙasa za ta daɗe ba ta bushe ba. Wata dabara kuma, binne tulu a tsakiyar fangali har wuya, ka cika shi da ruwa, ka rufe bakin. Ruwan zai riƙa tsatsafowa ta jikin tulun a hankali zuwa saiwa.

Uwargida, ruwan da kika wanke hatsi ko kayan miya da shi, da ruwan alwala, duk ana iya zuba su a gindin zogale da gwanda. Ruwan wanki mai sabulu da yawa yana ɓata ƙasa. Ruwan da aka wanke tsumman jariri ko fo kuwa masai za shi.

Ruwan da ya kwanta shi ne gidan sauro. Daga ƙwai zuwa sauro mai cizo kwana 7 zuwa 10 ne kawai in ana zafi. Fangalin da aka ba ruwa ya kamata ya shanye shi kafin awa guda ko biyu. Kada a bar kududdufi a bakin rijiya, a ja masa 'yar hanya zuwa gindin gwanda. Randa da duro na ban ruwa a rufe su, a kuma juye su a wanke kowane mako.

Ƙwari

Lambu ƙarami hannu ya ishe shi. Duba bayan ganye da safe, ka tsince tsutsa ka ba kaji. Barbaɗa toka a ganye da sauran raɓa yana rage ƙananan ƙwari. In sun yi yawa, daka ƙwallon dogon yaro kamar rabin kilo, a kan dutse ba a turmin abinci ba, ka jiƙa a bokiti mai lita 10 ya kwana, ka tace, ka yayyafa da yamma. A ajiye shi inda yaro ba zai sha ba. Fiya-fiya da maganin feshin auduga ko na wake ba na ganyen miya ba ne, domin ganyen da za a tsinka gobe ba shi da lokacin da gubar za ta fita. Jarka ko kwalbar da aka taɓa zuba irin wannan magani kada a ƙara zuba ruwa ko mai a ciki, kome wankin da aka yi mata.

Daga Lambu Zuwa Tukunya

Uwargida, sauran aikin naki ne. Wanke ganye da ruwa mai tsabta kafin ki yanka, ba bayan kin yanka ba. Latas da duk abin da za a ci ɗanye a wanke shi ganye-ganye, a sauya ruwa sau biyu ko uku. Gishiri ba ya kashe ƙwan tsutsa, wanki ne ke cire shi, wuta ce ke kashe shi. Saboda haka ƙananan yara dafaffe za a ba su.

Sa ganye daga ƙarshe, in miya ta kusa sauka. Daɗewa a wuta da yawan kanwa suna kashe waɗansu abubuwa masu amfani da ke cikinsa. Sa ɗan mai, ko na gyaɗa ko manja ko man shanu, domin bitamin A sai da maiƙo ya ke shiga jiki sosai. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli ya haɗa duka biyu, ga shi da ɗan tumatir ko lemon tsami, waɗanda ke taimakon jiki ya ɗauki abin yin jini. Jariri nono kaɗai ya ishe shi har wata 6. Daga nan sai a fara ba shi kunu mai kauri da faten kabewa da ganye da aka dafa aka murje, ana ci gaba da ba shi nono. Kada a tsame masa ruwan miya kawai a bar ganyen a kwanon manya.

In ganye ya yi yawa, da damina musamman, a shanya a ajiye. A inuwa za a shanya, inda iska ke bi, a kan tabarma mai tsabta da aka ɗaga daga ƙasa saboda kaji da ƙura. Rana tana cinye bitamin A, shi ya sa ganyen da aka shanya a rana ya ke koɗewa. Wanda ya bushe yana kore shi ne mai amfani. A zuba shi a tulu ko gwangwani mai murfi.

Iri kuma kada a manta da shi. A kowane fangali a bar gindi biyu ko uku mafiya ƙarfi na alayyafo da kuɓewa da yakuwa, a ɗaura musu tsumma domin kada wani ya tsinka. In sun ƙosa sun bushe a sussuke, a gauraya da toka, a zuba a kwalba mai murfi, a ajiye a ɗaki mai sanyi har lokacin shuka.